Fashin Baƙi: Me ya sa wani kayen ba ya mantuwa a ƙwallon ƙasa da ƙasa?

Ranar 1 ga Afrilun 2022 aka raba jadawalin Gasar Cin Kofin Duniya a Doha, Ghana da Yurugwai suka faɗa rukuni ɗaya. Fotugal da Koriya ta Kudu ma suna cikin rukunin, amma ba su aka kwana ana zance ba. Zancen ya koma baya shekara goma sha biyu, wurin hannun da Luis Suarez na Yurugwai ya sa ya tare ƙwallon Ghana a Kofin Duniya na 2010. A tawagar da Ghana ta kai Katar, mutum ɗaya tak ya rage daga 'yan wasan 2010, wato André Ayew, shi ma bai buga wancan wasan ba saboda an dakatar da shi. Duk da haka aka aza wa samarin da suke yara ƙanana a 2010 nauyin ramuwar gayya.

Tambayar ita ce, ƙasashe suna shan kashi kullum, me ya sa wani kayen ake mantawa da shi cikin mako guda, wani kuma ake gadonsa daga kaka zuwa jika? Mutane da yawa suna ɗauka yawan ƙwallayen da aka sha ne, ko ƙanƙantar ƙasar da ta yi nasara. Tarihin gasannin bai goyi bayan wannan ɗauka ba.

Kayen ba-zata daban, kaye mai tabo daban

Akwai kayen da ke girgiza duniya a ranar da aka yi shi, amma bai bar miki ba. A 2022 Ajantina ta zo Katar ta yi wasa 36 a jere ba a doke ta ba, Saudiyya ta ci ta 2-1 a wasan farko. Ɗan hakin da ka raina ke nan. To amma Ajantina ce ta ɗauki kofin, don haka yau mutanenta suna tuna wasan Saudiyya a matsayin farkon labari mai daɗi. Haka Sifaniya a 2010, Suwizalan ta ci ta 1-0 a wasan farko, ta zo ta ɗauki kofi. Kwaddibuwa ta sha 4-0 a hannun Ikwatoriyal Gini a gaban jama'arta a gasar Afirka ta farkon 2024, har ta sallami kocinta ana tsakiyar gasa, sannan ta lallaɓa ta ci kofin.

Kaye mai tabo shi ne wanda ba a samu damar goge shi ba. Kuma in an duba waɗanda suka shahara, kusan dukkansu ɗayan abu uku ne ya haifar da su, ko ma duka ukun: an riga an sa rai har an fara murna, ko an ji an yi zalunci, ko kuwa wanda ya yi nasarar akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya da shi wadda ta girmi ƙwallo.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan ya fi zafi a wasan ƙasa fiye da na kulob. Kulob in ya sha kashi yau, akwai wasa mako mai zuwa, akwai kaka ta gaba, zai iya sayo sababbin 'yan wasa. Ƙasa ba ta sayen ɗan wasa. Kofin Duniya sau ɗaya yake zuwa a shekara huɗu, kuma kafin ya zagayo rabin tawagar sun tsufa. Ƙasashe biyu suna iya yin shekara ashirin ba su sake haɗuwa a babbar gasa ba, wasa ɗayan nan shi zai zauna a zukata duk tsawon lokacin.

Murna tun kafin a buga

Uwar wannan nau'i ita ce ranar 16 ga Yulin 1950 a filin Maracana da ke Rio de Janeiro. A waccan gasa ba a yi wasan ƙarshe irin wanda aka sani yanzu ba. Ƙasashe huɗu aka haɗa a rukunin ƙarshe, wanda ya fi maki ya ɗauki kofi. Brazil, mai masaukin baƙi, ta lallasa Suwidin 7-1, ta ragargaji Sifaniya 6-1. Yurugwai kuwa da ƙyar ta yi canjaras 2-2 da Sifaniya, ta ci Suwidin 3-2. Don haka canjaras kawai Brazil ke buƙata a wasanta da Yurugwai. Tun kafin a take wasa an riga an kira 'yan wasanta zakarun duniya a jarida.

Mutum 173,850 aka rubuta a hukumance sun shiga filin, ana kuma ƙiyasta cewa sun kusa 200,000. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci Friaça ya ci wa Brazil. Schiaffino ya farke a minti na 66. A minti na 79 Alcides Ghiggia ya sheƙo ta gefen dama, mai tsaron raga Moacir Barbosa ya zaci zai miƙo ƙwallon tsakiya kamar yadda ya yi a cin farko, sai ya buga ta tsakaninsa da turke. Wasa ya tashi 2-1.

Ƙwallo ɗaya ce tazarar. Amma Brazil ta yi watsi da farar rigar da take sawa, daga 1954 ta koma rawayar da duniya ta san ta da ita yau. Ta ci kofin sau biyar bayan nan, duk da haka sunan Maracana bai daina sosa zukata ba. Dalili kuwa, ƙasar ta gina filin ne don ta nuna wa duniya ta isa, aka zo aka kunyata ta a cikinsa.

Shekara huɗu bayan nan Hangari ta ɗanɗana irin wannan. Tawagar Puskas ta yi shekara huɗu ba a ci ta ba, ta ma lallasa Jamus ta Yamma 8-3 a wasan rukuni. Suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a birnin Bern, cikin minti takwas Hangari ta ci biyu, aka tashi Jamus na da 3-2. Hangari ba ta sake kaiwa wasan ƙarshe ba har yau.

Sai kuma 8 ga Yulin 2014 a Belo Horizonte, inda yawan ƙwallaye da sa rai suka haɗu wuri guda. Brazil ta shiga wasan kusa da na ƙarshe babu Neymar da ya ji rauni a gadon baya, babu kyaftin Thiago Silva da aka dakatar. Müller ya ci a minti na 11, sannan daga minti na 23 zuwa na 29 Jamus ta zura huɗu. Aka tashi 7-1. A nan ne Klose ya ci ƙwallonsa ta 16 a Kofin Duniya, ya karɓe tarihin daga hannun Ronaldo na Brazil, a ƙasar Ronaldo. Mutanen Brazil sun shirya gasar 2014 da fatan wanke 1950 ne, sai suka ƙara tabo a kan tabo.

Idan aka ji an yi zalunci

Kayen da aka fi ka ƙarfi kana iya haɗiye shi. Wanda ke tsayawa a maƙogwaro shi ne wanda ka tabbata ba ƙwallo ce ta raba ku ba.

A 1982 Aljeriya ta je Kofin Duniya karon farko, ta ci Jamus ta Yamma 2-1 da ƙwallayen Madjer da Belloumi. Ta buga wasanta na ƙarshe na rukuni kwana ɗaya kafin Jamus da Ostiriya su buga nasu a Gijon. Saboda haka su biyun sun shiga fili sun san lissafi: in Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, dukkansu sun wuce, Aljeriya ta koma gida. Hrubesch ya ci a minti na goma, daga nan sai aka koma tura wa juna ƙwallo har aka tashi, 'yan kallo suna ta ihu. Ba a hukunta kowa ba, don babu dokar da aka karya a rubuce.

A gasar Afirka, Kamaru ta doke Najeriya a wasan ƙarshe sau uku: 1984 a Abijan, 1988 a Kasablanka, da 2000 a Legas. Na 1984 an sha 3-1, ba a cika jayayya a kansa ba. Na 2000 ne ake ta maimaitawa, saboda a bugun fenareti ƙwallon Victor Ikpeba ta daki sandar sama ta faɗa bayan layi, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba, hoton talabijin kuma ya nuna ta shiga.

Na Ghana ya fi su wuyar warwarewa. Ranar 2 ga Yulin 2010 a Johannesburg, ana 1-1 a daƙiƙar ƙarshe ta ƙarin lokaci, Dominic Adiyiah ya sa kai, ƙwallo za ta shiga, Suarez ya tare ta da hannu a kan layi. Aka ba shi jan kati, aka ba Ghana fenareti. Da Asamoah Gyan ya ci, da Ghana ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, a gasar farko da aka yi a nahiyar. Ya daki sandar sama. Ta leƙo ta koma. Yurugwai ta yi nasara 4-2 a bugun fenareti.

A nan mutane suka rabu biyu. Ɓangare ɗaya suna cewa ha'inci ne tsagwaronsa, ƙwallon da ta riga ta zama ci aka mayar da ita caca. Ɗaya ɓangaren suna cewa Suarez ya yi laifi, an hukunta shi da duk abin da doka ta tanada, bai kuma buga wasa na gaba ba, kuma kowane ɗan wasa a wannan matsayi haka zai yi wa ƙasarsa. Shi kansa kafin wasan 2022 ya ce ba zai nemi afuwa ba, tunda ba shi ya zubar da fenaretin ba. A ganina dukkansu suna da gaskiya, kuma shi ya sa mikin ya ƙi warkewa. Alƙalin wasa bai yi kuskure ba. Dokar ce ta bar ƙofa a buɗe, inda mai laifi yake iya cin ribar laifinsa, kuma har yau ƙwallon ƙafa ba ta da tanadin a ba da ci kai tsaye idan an tare ƙwallo da hannu a kan layi.

Hamayya: daga ina take tasowa?

Hamayya a nan ba ita ce ƙasashe biyu masu ƙarfi su haɗu ba. Ita ce wasan da jama'a za su yarda a fitar da su daga gasa gobe, in dai yau sun doke wancan.

Wata maƙwabtaka ce ke haifar da ita, kamar Brazil da Ajantina. Wata kuwa tarihin da ba na ƙwallo ba ne yake shigowa fili. Jamus ta mamaye Holan daga 1940 zuwa 1945. A wasan ƙarshe na 1974 a Munich, Holan ta Cruyff ta ci fenareti kafin ɗan Jamus ko ɗaya ya taɓa ƙwallo, amma aka tashi Jamus na da 2-1. Shekara goma sha huɗu suka jira. A 1988, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai a Hamburg, Van Basten ya ci a minti na 88, Holan ta yi nasara 2-1, jama'a suka cika tituna. Da yawansu wannan wasan suka ɗauka shi ne na ƙarshe, ba wanda suka ci Tarayyar Sobiyet bayansa ba. A 1990 a Milan har Rijkaard ya tofa wa Völler yawu, aka kori su biyun.

Ta Ingila da Ajantina a fili ta fara, siyasa ta zo ta ƙara mata itace. A 1966 a Wembley alƙalin wasa ɗan Jamus ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattin, shi kuwa ya ƙi fita na tsawon mintoci, ba sa jin yaren juna. Bayan wasan kocin Ingila Alf Ramsey ya kwatanta 'yan Ajantina da dabbobi. A 1982 ƙasashen biyu suka gwabza yaƙi a kan tsibiran Falklands, waɗanda Ajantina ke kira Malvinas, sojojin Ajantina 649 da na Birtaniya 255 suka mutu. Shekara huɗu kacal bayan nan suka haɗu a filin Azteca na Meziko, Maradona ya ci ɗaya da hannu, bayan minti huɗu ya ci ta biyu bayan ya yanke 'yan wasa tun daga tsakiyar fili. Kafin wasan kowa ya ce babu ruwan ƙwallo da siyasa, daga baya Maradona ya amsa cewa ramuwa ce a zuciyarsu. Ingila na kallon 1986 a matsayin sata. Ajantina na kallon 1966 a matsayin sata. Kowa daga inda aka cuce shi yake fara ba da labari.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, hamayya da yawa ɓangare ɗaya ne yake jin ta. Najeriya ta haɗu da Ajantina sau biyar a Kofin Duniya, a 1994, 2002, 2010, 2014 da 2018, duka ta sha kashi da tazarar ƙwallo ɗaya. A Najeriya wannan babban zance ne, a Ajantina kuwa idonsu na kan Brazil da Ingila. Haka Ingila take ɗaukar Jamus babbar abokiyar gaba, alhali Jamus Italiya ce ta fi tsaya mata a rai, wadda ta fitar da ita a 1970, 2006 da 2012, ta kuma doke ta a wasan ƙarshe na 1982.

Shin ƙwallo ta taɓa haddasa yaƙi?

Ana yawan cewa El Salvador da Honduras sun yi yaƙi saboda ƙwallo a 1969. Gaskiya ne sun buga wasa uku na neman zuwa Kofin Duniya a watan Yuni, cikin tarzoma da cin zarafin magoya baya, kuma ranar 14 ga Yuli yaƙi ya ɓarke, aka yi kusan sa'a ɗari, dubban mutane suka mutu. Amma tushen rikicin ƙasar noma ce. Mutanen El Salvador kusan 300,000 ne suke zaune a Honduras, gwamnatin Honduras ta fara ƙwace gonakinsu tana korar su. Wasannin sun zo ne lokacin da wutar ta riga ta kama.

Irin wannan aka gani tsakanin Masar da Aljeriya a Nuwambar 2009. Aka jefi motar 'yan wasan Aljeriya a Alƙahira har wasu suka ji rauni, Masar ta ci 2-0, aka tafi wasan raba gardama a Omdurman ta Sudan, Antar Yahia ya ci wa Aljeriya. Aka kai wa kamfanonin Masar hari a Aljeriya, Masar ta janye jakadanta. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa mazauna ƙasashen juna, waɗanda da yawansu ko filin ba su je ba. Jaridu da 'yan siyasa a ɓangarorin biyu sun rura wutar, domin fushi da baƙo yana kawar da hankalin talaka daga matsalar gida.

Abin da aka gyara

Dokokin da muke gani yau da dama kukan waɗanda aka kayar ne ya haife su. Ruɗanin Rattin yana cikin abin da ya sa Ken Aston ya kawo shawarar katin gargaɗi da jan kati, aka fara amfani da su a 1970. Abin da aka yi wa Aljeriya ya sa tun daga 1986 ake buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci ɗaya. A 2010 ƙwallon Lampard ta wuce layi ƙarara a wasan Ingila da Jamus aka hana, a 2012 aka amince da na'urar tantance layin raga, sai VAR, mai taimaka wa alƙalin wasa da hoton bidiyo, ta shigo Kofin Duniya a 2018. Gyaran yana zuwa, amma bayan wanda aka cuta ya riga ya koma gida.

Wanda ake sauke wa haushin

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna. Mutum goma sha ɗaya ke wasa, ga koci, ga hukuma, amma jama'a fuska ɗaya suke nema. Haushin kaza, huce kan dami.

Barbosa yana cikin gwanayen masu tsaron raga na zamaninsa. Bayan 1950 laifin ya fi sauka a kansa da wasu 'yan baya biyu, Bigode da Juvenal, dukkansu baƙaƙen fata, kuma ba a rasa wariya a cikin lamarin ba. A 1993 ya je gaishe da tawagar ƙasarsa a sansaninsu, aka hana shi shiga don kada ya shafa musu rashin sa'a. An ruwaito shi yana cewa ɗauri mafi tsawo a dokar Brazil shekara 30 ne, shi kuwa ya zarce haka yana biyan laifin da bai aikata ba. Ya mutu a 2000.

Andres Escobar na Kwalambiya ya ci gida a wasansu da Amurka ranar 22 ga Yunin 1994. Kwana goma bayan nan aka harbe shi har lahira a Medellin, bayan wasu sun tsokane shi a kan ƙwallon. Shekararsa 27. Beckham na Ingila ya samu jan kati a wasan Ajantina na 1998, aka rataye mutum-mutuminsa a Landan. A 2021 Rashford da Sancho da Saka na Ingila suka zubar da fenareti a wasan ƙarshe na gasar Turai, a daren aka cika shafukansu da zagin launin fata. Saka yana da shekara 19 a lokacin. Kafafen sada zumunta sun sa zagin da a da yake ƙarewa a bakin fili yanzu yana bin yaro har cikin ɗakinsa.

Shi ma Gyan, mutane sun manta cewa mintoci kaɗan bayan ya zubar, shi ya fara fitowa wa Ghana a bugun fenareti, ya buga ta sama, ta shiga. Shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Amurka a zagayen baya, kuma ƙwallo shida da ya ci a Kofin Duniya babu ɗan Afirkan da ya kai su kafin shi. Amma wadda ta daki sanda ita ake fara tambayarsa.

To, ramuwa tana warkarwa?

Wani lokaci tana ragewa. Holan ta samu sauƙi a 1988, Beckham ya ci fenaretin da ya kayar da Ajantina 1-0 a Sapporo a 2002. Amma sau da yawa damar ba ta zuwa yadda ake so. Aljeriya ta sake haɗuwa da Jamus a 2014, ta riƙe ta har ƙarin lokaci, ta sha 2-1.

Ghana kuwa ranar 2 ga Disambar 2022 aka sake ba ta fenareti ana babu ci, Ayew ya buga, Rochet ya tare. De Arrascaeta ya ci biyu kafin hutun rabin lokaci. Can a ɗaya filin Hwang Hee-chan ya ci Fotugal a ƙarin mintocin ƙarshe, lissafi ya juya, Yurugwai ta koma neman ƙwallo ta uku. 'Yan Ghana, waɗanda tasu ta riga ta ƙare, suka tsare ragarsu har aka busa tashi. Suarez yana benci ya rufe fuska da riga yana kuka, Koriya ta Kudu ta wuce, Ghana da Yurugwai suka kama hanyar gida rana ɗaya.